Windows ya ƙi karɓar lasisi bayan fomatin: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu guda suke: rubutun nan mai dishi-dishi da ke fitowa a ƙasan allo ta hannun dama, "Activer Windows", bayan an yi wa kwamfuta fomatin ko an ɗaga ta zuwa sabon Windows. Tun da yawancin kwamfutocin da ke hannun jama'a a arewacin Kamaru da Chadi da Faransanci suke, mun kawo sunayen wurare yadda za ku gan su a allo.

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundere. Na sayi laftop HP ta hannu, tana aiki lafiya, babu wani rubutu a allo. Da ta yi nauyi sai na kai wa mai gyara ya yi mata fomatin. Yanzu tana cewa in kunna Windows, shi kuma ya ce in kawo sefa 5,000 ya sa mini lamba. In biya?

Wa alaikumus salam. Kada ka biya tukuna, ɗan'uwa, don akwai kyakkyawan zato cewa lasisinka yana nan cikin kwamfutar, ba inda ya je.

Tun zamanin Windows 8, wato daga 2012, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka daina manna takardar lamba a ƙasan kwamfuta. Lambar, mai haruffa da alƙaluma 25, cikin BIOS suke rubuta ta, wato ƙaramar manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows ya tashi, a jikin babban allon da masu gyara ke kira carte mère. Fomatin kuwa faifan ajiya kaɗai yake sharewa, ba ya kai wa can. Da Windows 10 ya fito a 2015 sai Microsoft ta ƙaro wani tsari: ranar da kwamfuta ta fara karɓar lasisi, kamfanin yakan ajiye shaidar kayan cikinta, ya rubuta cewa wannan na'ura tana da izinin Windows iri kaza. Shi ne za ka ga an rubuta "licence numérique". Ko sau nawa aka share ta, da zarar ta hau intanet za a gane ta, lasisin ya dawo ba tare da ka rubuta ko harafi ɗaya ba.

To me ya hana taka? Galibi abu ɗaya ne: an zuba mata irin Windows da ba nata ba. Akwai Famille, akwai Famille Unilingue, akwai Professionnel, kowanne da lasisinsa, kuma na wannan ba ya buɗe wancan. Masu gyara da yawa filashi guda gare su, Professionnel suke sa wa kowa saboda ana ganin shi ne babba. Filashin da aka haɗa da manhajar Microsoft ta asali yakan karanta BIOS ya zaɓi irin da ya dace da kansa, amma wanda ke yawo daga shago zuwa shago sau da yawa an taɓa shi, ba ya barin a zaɓi komai sai abin da aka ɗora masa.

Ga yadda za ka gane. Ka haɗa kwamfutar da intanet, ko da na wayarka ne. A Windows 11 ka shiga Paramètres, sai Système, sai Activation. A Windows 10 kuma Paramètres, sai Mise à jour et sécurité, sai Activation. Ka rubuta irin Windows da ke sama da lambar kuskuren da ke ƙasa. In ka ga 0xC004F210 ko 0xC004F212, to maganar saɓanin iri ce. Daga nan ka nemo PowerShell, wato tagar rubuta umarni da ke cikin Windows, ka buɗe shi da ikon administrateur, ka rubuta wannan layin:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Format-List OA3x*

Tsayayyen layin nan na tsakiya, a allon rubutu na Faransanci, wato AZERTY, AltGr ake dannawa tare da 6. In akwai lamba cikin BIOS za ta fito, a ƙarƙashinta kuma bayanin irinta. Kalmar Core tana nufin Famille, CoreSingleLanguage tana nufin Famille Unilingue, Professional kuma ba ta buƙatar bayani.

Idan BIOS ya ce Professional amma Famille aka sa, abin da sauƙi: a shafin Activation ka danna wurin canza lamba, ka shigar da wadda ta fito maka, in ta karɓa kwamfutar za ta ɗaga kanta ta sake tashi, fayilolinka ba abin da zai same su. Idan kuwa akasin haka ne, Core ke cikin BIOS alhali Professionnel aka sa, babu hanyar saukowa sai an sake sa Windows daga tushe. Ka kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani faifai, ka sami filashi mai aƙalla GB 8 wanda ba ka buƙatar abin da ke cikinsa, a haɗa shi da manhajar da Microsoft ke bayarwa kyauta a shafinta. Saukewar tana cin GB 5 zuwa 6 ko fiye, don haka ka nemi inda intanet ke da arha. Lokacin sawa, in an tambaye ka lamba ka danna "Je n'ai pas de clé de produit", ka zaɓi ainihin irin da BIOS ya nuna. A ganinmu wannan aikin bai kamata mai gyaran ya karɓi ko dala a kansa ba, domin aikin farko ne bai kammala ba.

Idan layin ya fito fanko, ka gwada maɓallin warware matsala da ke shafin Activation. In shi ma bai samo komai ba, to wataƙila dama can ta ɓarauniyar hanya aka kunna ta kafin a sayar maka, kuma amsar da ke tafe ta shafe ka.

Ina da shagon buga takardu da hoton takardu a Marwa, kwamfutoci 4 na tebur. Duk bayan wata shida sai su fara cewa lasisin Windows ya kusa ƙarewa, in kira yaron da ke duba mana su ya danna wani abu, saƙon ya ɓace, in biya shi. Shin haka Windows yake, kamar kuɗin haya?

A'a, Alhaji, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Lasisin Famille ko Professionnel da mutum ya mallaka ba ya ƙarewa. Wata shidan nan da ka ambata shi ya tona asirin matsalar.

Microsoft tana da wani tsari na manyan ma'aikatu da ake kira KMS. Banki ko ma'aikata mai ɗaruruwan kwamfutoci takan ajiye na'ura ɗaya a cikin gida da ke raba wa sauran izini. Izinin na kwana 180 ne, kuma kowace kwamfuta tana neman sabuntawa duk bayan kwana 7. Muddin tana cikin ma'aikatar ba wanda zai lura. Ranar da ta bar gidan, agogo ya fara ƙirga, in kwanakin suka cika sai ta fara kuka, yawanci da lambar kuskure 0xC004F074 ko 0x8007232B, ma'ana ta nemi mai ba ta izini ba ta same shi ba. Abin da yaron ke dannawa wata manhaja ce da ke shiga rigar waccan na'ura ta ruɗi Windows na wasu kwana 180.

Kana iya tabbatarwa da kanka. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /dli. In ka ga VOLUME_KMSCLIENT a ƙaramin akwatin da zai fito, ko ka ga haruffa biyar na ƙarshen lambar su ne T83GX, to shi ke nan. Sannan ka rubuta slmgr /xpr: lasisi na dindindin zai ce an kunna shi har abada, na aro kuma zai nuna ranar ƙarewa. Har ranar da aka kai can 2038 alama ce ta an yi wasa da shi.

Kuɗin da kake biya duk wata shida ba su ne babbar damuwarmu ba. Irin waɗannan manhajoji ba sa shiga sai an kashe mai gadin kwamfuta, wato Sécurité Windows, ko an umarce shi ya kau da kai daga wata jakar fayiloli, wato dossier. Ana ba su cikakken iko a kan na'urar, kuma ba wanda ya san hannu nawa suka bi kafin su iso filashin yaronka. Shagonka kuwa wuri ne da ake kawo katin ɗan ƙasa da takardun makaranta da na fili, ana buɗe imel, ana sa filashi iri-iri daga safe zuwa dare. Amanar mutane ce a hannunka. Ka shiga Sécurité Windows, sashen kariya daga ƙwayoyin cuta, ka duba jerin abubuwan da aka keɓe daga bincike. Duk abin da ka tarar a can wanda ba kai ka sa ba, abin tuhuma ne.

Ga inda za ka iya samun sauƙi. Kwamfutocin tebur na hannu da ke shigowa daga Turai, irin su Dell OptiPlex da HP ProDesk da Lenovo ThinkCentre, yawanci na ofis ne, kuma ƙa'idar Microsoft ita ce lasisin ma'aikatu ɗori ne a kan wani lasisin da kwamfuta ta zo da shi. Don haka da yawansu suna ɗauke da lambar Professionnel ta halal a cikin BIOS, an dai rufe ta ne da ta bogi. Ka sa a gwada layin PowerShell da muka bayar a sama a kan dukkan huɗun. Wadda aka samu da lamba, a share ta gaba ɗaya a sa Windows mai tsabta daga filashin asali. Canza lamba kaɗai zai kunna lasisi, amma ba zai fitar da abin da aka riga aka dasa a ciki ba. In ka ga an rubuta Entreprise a matsayin irin Windows ɗin, shi ma a sauya shi zuwa Professionnel, don ba a sayar wa ɗaiɗaikun mutane shi. Bayan haka a canza kalmomin sirrin imel da na duk asusun da aka taɓa buɗewa a kansu.

Daga Injamena nake. Na sayo sabuwar laftop wadda ba ta zo da Windows ba. Ina ganin masu tallar lamba a Facebook da WhatsApp a kan sefa 3,000 zuwa 4,000, suna cewa ta asali ce har abada. Wani kuma ya ce ta gaskiya ta kusa 100,000. Wacce zan saya?

Hajiya, wanda ya gaya miki kusan 100,000 bai yi ƙarya ba. A shagon Microsoft na Faransa, Windows 11 Famille yuro 145 ne, Professionnel kuma yuro 259. Tun da yuro ɗaya a ɗaure yake da sefa 655.957, na farkon ya kama wajen sefa 95,000, na biyun wajen 170,000. Abin da ake sayarwa haka, ba yadda za a yi wani ya samo shi ta hanyar da ta dace ya sayar 3,000 kuma ya ci riba.

Lambobin nan masu arha ba duka ne na ƙarya ba, shi ya sa suke ruɗin mutane. Wasu an ɓallo su ne daga kwangilar wata ma'aikata, irin lambar da ake kira MAK, wadda aka ba ta izinin kunna kwamfutoci adadi kaza, sai wani ya riƙa sayar da ita ɗaya ga mutane da yawa. Wasu na masu haɗa manhaja ne da aka ba su don gwaji. Wasu daga matattun kwamfutoci aka ciro su. Za ki shigar, ta kunna, ki yi murna. Matsalar takan fito ranar da aka sake yi wa kwamfutar fomatin ko aka canza mata babban allo, ko ranar da Microsoft ta toshe lambar: sai ki ga 0xC004C003, wato an toshe ta, ko 0xC004C008, wato an yi amfani da ita fiye da adadin da aka yarda. A lokacin mai tallar ya canza lambar waya. Ko da ma ba ta taɓa mutuwa ba, kunnuwar Windows ba ita ce shaidar mallaka ba. Ga mai kamfani ko ƙungiya da za a iya bincikar kayan aikinta, rasit daga dillali sananne shi ne hujja.

Kafin ki kashe ko sisi, ki san abu biyu. Na farko, Windows da ba a kunna ba yana aiki: yana buɗe manhajoji, yana hawa intanet, yana karɓar gyare-gyaren tsaro. Abin da ake hana ki shi ne canza hoton bango da launuka, sai rubutun nan na kusurwa. Ƙa'idar kamfanin tana buƙatar a mallaki lasisi, don haka ba mazauni ba ne na dindindin, amma ya ishe ki ki yi aiki kafin kuɗi su taru, kuma ya fi manhajar sata aminci nesa ba kusa ba. Na biyu, Famille ya wadatar da mai rubutu da lissafi da kallo da karatu. Professionnel na wanda zai haɗa kwamfuta da tsarin ofis ne, ko zai riƙa shiga cikinta daga nesa. Kada ki biya ƙarin yuro 114 don suna.

In za ki saya, ki nemi lasisin da slmgr /dli zai nuna RETAIL a kansa, wanda aka saya shi kaɗai. Shi ana iya ɗauke shi daga tsohuwar kwamfuta zuwa sabuwa, muddin ɗaya ce ke amfani da shi a lokaci guda. Na OEM, wato irin wanda masu ƙera kwamfuta ke haɗawa da ita, ya fi arha amma yana mutuwa tare da kwamfutar da aka fara sa shi. Idan kuma aikinki bai wuce intanet da rubutu ba, Linux Mint ko Ubuntu tare da LibreOffice kyauta ne, halal ne, kuma akwai su da Faransanci.

Wajen shigar da lamba a kula: babu 0 ko 1 ko 5 a cikin lambar Windows, babu kuma A, E, I, L, O, S, U da Z. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne tsakanin 8 da B, da tsakanin 6 da G. A allon AZERTY alƙaluman layin sama sai an haɗa da maɓallin Maj suke fita. Kuskuren harafi ɗaya yakan jawo 0xC004F050, mutum ya ɗauka an cuce shi alhali yatsa ne ya zame.

Malam, a Garwa nake. Wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona mini babban allon laftop. An sa wani, ta tashi, fayilolina suna nan, amma Windows ya ce babu lasisi, yana nuna 0xC004F213.

Allah ya mayar da alheri. Lasisin Windows kamar takardar babur yake, da lambar shasi yake tafiya. Ka canza RAM, ka cire tsohon faifai ka sa SSD, ka canza batir ko gilashin allo, duk ba ruwansa. Amma babban allo shi ne shasin; da an canza shi, a wurin Microsoft wata kwamfuta ce daban. Lambar kuskuren da ka gani, da 'yar'uwarta 0x803F7001, cewa suke ba a sami lasisi ga wannan na'urar ba.

Fara da abin da mutane ke mantawa. Allon da aka sa maka kusan tabbas daga wata laftop irin taka aka ciro shi, kuma yana iya zuwa da tasa lambar a cikin BIOS. Ka gwada layin PowerShell ɗin nan. In lamba ta fito kuma irinta ya dace da Windows ɗin da ke kai, ka shigar da ita, magana ta ƙare.

In babu, sai a duba ko ka taɓa shiga tsohuwar kwamfutar da asusun Microsoft, irin na Outlook ko Hotmail. In ka yi, lasisin ya ɗauru da asusun. Ka shiga da wannan asusun, ya kasance mai ikon administrateur, ka je shafin Activation, ka danna warware matsala. Idan ya gama ya ce bai iya ba, akwai layi a ƙasa da ke cewa ka canza kayan wannan na'ura kwanan nan. Ka danna shi, jerin kwamfutocinka zai fito, ka zaɓi tsohuwar, ka tabbatar cewa ita ce kake amfani da ita yanzu. Sharaɗi shi ne irin Windows ɗin bai canza ba. Wannan hanya ta fi tabbas ga lasisin da aka saya shi kaɗai. Wanda ya zo tare da kwamfuta daga kamfani, a ƙa'ida na allon farko ne, don haka ana iya ƙin karɓa, sai dai in kamfanin da ya ƙera ta ne ya canza allon a ƙarƙashin garanti.

Ka yi sa'a faifanka ya buɗe. Sababbin Windows 11, musamman daga sigar 2024 mai suna 24H2, sukan kulle faifai da BitLocker da kansu idan an shiga da asusun Microsoft, kuma canza babban allo yakan sa su nemi lambar ceto mai alƙaluma 48. Tana ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar. Wanda mai gyara ya buɗe masa asusu da imel ɗin da bai san kalmar sirrinsa ba, ranar da haka ta faru ya yi asarar fayilolinsa, kuma babu mai gyaran da zai iya fasa wannan kullen. Duk mai karanta wannan ya duba yau: asusun da ke kan kwamfutarsa nasa ne? Ya kwafi lambar ceton a takarda ya adana.

Daga Kusiri. Na sa Windows irin da ya dace, intanet yana aiki a waya, amma kwamfutar tana ba ni 0x80072F8F.

Dubi agogonta. Wannan kuskure yawanci kwanan wata ne ko lokaci ya kauce, kuma na'urorin Microsoft ba sa amsa wa kwamfutar da ke zaune a shekarar da ta wuce. Ka gyara rana da sa'a, ka sa yankin lokaci a UTC+01:00, na Afrique centrale - Ouest, wanda Kamaru da Chadi ke kai, sannan ka rubuta slmgr /ato a PowerShell mai ikon administrateur. Idan kullum ka kashe ta agogon ya koma baya, ƙaramin batirin da ke jikin babban allo ne ya mutu, yawanci CR2032 mai volt 3, kuma ba shi da tsada. Kunna lasisi kansa ba ya cin data mai yawa. Gyare-gyaren da ke biyo baya ne ke cinye ta, don haka in da wayarka ka haɗa, ka sa haɗin a matsayin "connexion limitée".

Ni malamin makaranta ne a Marwa. Ina da tsohuwar Dell, Core i5-3320M, da takardar lambar Windows 7 manne a ƙarƙashin batir. An ce lambar tana kunna Windows 10. Na gwada ta ƙi. In sayi lasisi in sa mata Windows 11, ko in nemi wata?

Malam, wanda ya gaya maka ya faɗi abin da yake gaskiya a da. Shekaru da dama lambobin Windows 7 da 8 suna kunna Windows 10, har Microsoft ta rufe wannan ƙofa a watan Satumba na 2023. Abin da ya rage shi ne: idan an taɓa ɗaga wannan kwamfutar zuwa Windows 10 aka kunna ta kafin rufewar, shaidarta tana nan. Sai ka sa Windows 10 ba tare da shigar da lamba ba, ka zaɓi irin da ya yi daidai da takardar, wato Professionnel ga Windows 7 Professional ko Ultimate, Famille ga Home Premium, ka haɗa da intanet ka gani.

Amma ko ta kunna, ka san inda kake. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Ta buɗe shirin ƙarin gyare-gyaren tsaro mai suna ESU ga masu kwamfutar gida zuwa 13 ga Oktoba 2026, wanda ke buƙatar sigar ƙarshe ta Windows 10, wato 22H2, mai lasisi da asusun Microsoft. Windows 11 kuwa, da ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, yana neman kayan tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0, da RAM aƙalla GB 4, da wurin ajiya GB 64, da inji, wato processeur, na Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Alƙalamin farko bayan ɗan layin shi ke nuna ƙarni a irin waɗannan injuna: taka 3320M ta ƙarni na 3 ce, i5-8250U kuma ta 8. Masu gyara sun san dabarun tsallake sharuɗɗan, kuma Windows 11 zai tashi, amma Microsoft ta ce ba ta ɗauki alkawarin ba wa irin wannan kwamfuta gyare-gyare ba, kuma babban sabuntawa na shekara-shekara ba ya zuwa mata da kansa.

Shawararmu, kada ka zuba sefa 95,000 a kan na'urar 2012. Ka sa mata Linux Mint ta ci gaba da yi maka aikin rubuta jarrabawa da lissafin maki, kuɗin kuma ka tara su zuwa ta hannu mai ƙarni na 8 ko sama, wadda lasisinta ke cikin BIOS. Lasisin Windows 10 na halal yana wucewa zuwa Windows 11 kyauta, iri da iri. Ka tuna kuma Word da Excel lasisinsu daban ne, kunna Windows ba ya kunna su.

Ranar saye kada ka tsaya ga hoton bango mai kyau da rashin rubutu a kusurwa, domin kowa na iya ɓoye wannan. Ka roƙi mai shago ya bar ka da ita minti goma. Ka gwada layin PowerShell ka ga lamba da irinta, ka gwada slmgr /dli ka ga OEM_DM, wato lasisin cikin BIOS, ko RETAIL, ba VOLUME ba, ka danna Windows tare da R ka rubuta tpm.msc ka ga TPM 2.0. Ko da slmgr /xpr ya ce har abada, lambar cikin BIOS ce hujja mafi ƙarfi, don akwai dabarun sata da ke nuna hakan su ma. Ka sake tayar da ita ka shiga BIOS, da F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba.

Akwai tarko ɗaya da ba ya bayyana sai an yi fomatin. Wasu kwamfutocin ofis har yanzu suna rubuce a rajistar ma'aikatar da ta sayar da su, ta tsarin da ake kira Autopilot. Da an sa sabon Windows aka haɗa da intanet, sai allo ya fito da sunan wani kamfani na Turai yana neman imel ɗin ma'aikacinsa. Sake fomatin ba ya cire wannan, ma'aikatar ce kaɗai ke iya sakin ta. Saboda haka in kuɗin masu yawa ne, ka sa a mayar da kwamfutar sabuwa a gabanka tana haɗe da intanet, ka ga ta wuce shafin farko ba ta nemi kowane kamfani ba, ka ga shafin Activation ya ce an kunna, sannan a rubuta maka lambar jikin kwamfutar a kan rasit tare da kwanakin da aka yarda ka dawo da ita.